Idan halin baligi ya sauya, a fara auna jikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi magana a kan wani abu da ke halaka mutane a cikin gidajenmu, a yi jana'iza a watse ba a san shi ne ya yi kisan ba. Mu ma'aikatan lafiya ne, kuma maganar da muka zo da ita guda ce. Idan halin baligi ya sauya, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, mai kunya ta fara sakin baki, mai kazar-kazar ya zama kamar an zare masa laka, to a ɗauki wannan sauyin a matsayin alamar ciwo, yadda ake ɗaukar zazzaɓi ko aman jini. A auna jikinsa tukuna kafin a ce iskoki ne, ko sammu, ko hauka, ko tsabar iskanci.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma ya yi gaskiya. Shi ya sa ya kamata hankalin iyali ya tashi. Mutumin da ya shekara 40 da hali ɗaya ba ya wayar gari da wani haka siddan. Akwai inda hali ke zaune a jiki, kuma wurin nan yana jin yunwa, yana kumbura, yana zubar da jini, yana kamuwa da cuta kamar kowace gaɓa.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa idan mutum yana hutawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Dole mu tsaya a kan kalmar jijiya, domin Hausa ta haɗa abubuwa da yawa a cikinta: akwai jijiyar da jini ke bi, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo. Ta ukun muke nufi. Saƙo yana bin ta ne kamar wutar lantarki, a cikin mafi saurinsu yana yin mita 100 ko fiye a daƙiƙa guda. Idan ya kai ƙarshen ƙwaya ɗaya sai ya tarar da ɗan rata tsakaninta da ta gaba, sai ta fesa wani sinadari ya tsallaka ya kai saƙon. Dofamin, sirotonin da sauran sunayen da ake ji a rediyo duk irin waɗannan sinadaran ne. Ƙwayar maye da maganin asibiti na taɓin hankali duk a wannan ɗan ratan suke aikinsu.

Ɓangaren da ke bayan goshi shi ne mai riƙe da linzami. Shi ke sa mutum ya haɗiye maganar da ta zo masa baki a gaban surukinsa, shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke tsara gobe. A shekarar 1848, a jihar Bamont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa titin jirgin ƙasa mai suna Finiyas Gej yana danna albarushi a ramin dutse, abin ya tashi, sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, bai daina magana ba, bai manta mutanensa ba. Amma likitan da ya duba shi ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai ashar, marar haƙuri, wanda ba ya tsayawa a kan shawara ɗaya. Ba sai mun je Amurka ba. Duk ɗan acaɓar da ya faɗi ba hular kwano ya buga goshi zai iya warkewa daga karaya da ƙujewa, a sallame shi, sannan bayan wata biyu matarsa ta ce wannan ba mijin da ta aura ba ne. Dangi su ce ta yi masa asiri, ko an yi musu farraƙu, ba wanda ya tuna da faɗuwar.

Ga tsofaffi kuma abin ya fi ɓuya. Ƙwaƙwalwar tsoho tana ɗan motsewa, siraran jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai suna miƙewa, sai ƙaramin bugu, ko zamewa a banɗaki, ya tsinka ɗaya. Jinin ba ya zuba da ƙarfi, tsatsafowa yake yi a hankali har tsawon makonni. Sai a ga Baba ya fara yawan barci, yana kiran jika da sunan ɗa, yana jan ƙafa ɗaya, yana fitsari a zaune, yau da sauƙi gobe ba sauƙi. A ce gigin tsufa ne. Gigin tsufa na gaskiya shekaru yake ɗauka yana shigowa. Wanda ya zo cikin makonni yana buƙatar hoton kai na siti-sikan, kuma idan aka ga jinin, likitan tiyata yakan huda ƙaramin rami ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai ya zuƙe shi, sau da yawa tsohon ya dawo hayyacinsa.

Akwai kuma jijiyoyin da ba sa jiran umarnin mutum, su ne ke tafiyar da bugun zuciya, numfashi, hanji da gumi. Kashi biyu ne, na ko-ta-kwana da na kwantar da hankali. Kakanninmu ba su da na'ura, amma sun lura da aikinsu tsaf, har suka bar mana shi a cikin magana. Gabana ya faɗi. Hantar cikinsa ta kaɗa. Tsigar jikina ta tashi. Cikinsa ya ɗuri ruwa. Yawun bakinsa ya ƙafe. Duk wannan bayanin abu ɗaya ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, jijiyoyin ko-ta-kwana suna zaburar da wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune ɗaya a kan kowace ƙoda, su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar fata da hanji ya koma damatsa da cinyoyi, hanta ta saki sukari, ƙwayar ido ta buɗe. Adiranalin ba ya daɗewa a jini, cikin minti 2 zuwa 3 rabinsa ya tafi, matuƙar ba a ci gaba da hura wutar ba. Shi ya sa shawarar da ta zo a hadisi, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, take aiki a jikin kowa. Fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana motsa babbar jijiyar kwantar da hankali wadda ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, bugun ya ragu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi komai gaggawa a wasiƙar nan, wato saukar sukari. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata a lokacin shi take ci, kusan giram 120 na sukari a yini. Idan awon sukari ya yi ƙasa da 3.9, ko 70 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, jiki yakan fara yin kururuwa: gumi mai sanyi, karkarwar hannu, yunwa mai tsanani, faɗuwar gaba. Idan ya gangara ƙasa da 3.0, ita ƙwaƙwalwar ce ke fara gazawa, kuma linzamin bayan goshi ne kan fara kwancewa. Dattijon da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ya hau zagi, ya ture mai taimakonsa, harshensa ya yi nauyi, yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Waɗanda abin ya fi samu su ne masu ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar gilibenkilamaid, idan sun sha magani ba su ci abinci ba, ko sun yi aikin ƙarfi, ko a yammacin azumi, ko ƙodarsu ta fara rauni maganin yana taruwa a jiki. Mai ciki ko yaron da ake yi wa maganin kwinin shi ma yana iya faɗawa ciki.

Abin yi ba shi da wuya. In yana iya haɗiya, a dama cokalin shayi 4 na sukari a rabin kofin ruwa a ba shi, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi shi da abinci mai riƙe ciki kamar tuwo ko fura. In azumi yake yi, ya karya, rai ake ceto. In ya suma, kada a ɗura masa komai, domin ruwan huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti a sa masa ruwan sukari ta jijiya. Wanda gilibenkilamaid ce ta kayar da shi, ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, saboda ƙwayar tana daɗewa a jiki, sukarin zai iya sake faɗuwa cikin dare yana barci. Awa ɗaya ko biyu da aka ɓata ana tofi da hayaƙi a kan mutumin da sukarinsa ya ƙare na iya barinsa da lalacewar ƙwaƙwalwa ta har abada, alhali abin da zai cece shi yana cikin gwangwani a kicin.

Sauyin da ke zuwa cikin awoyi ko kwanaki gaba ɗaya haka yake, na gaggawa ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau a lokacin zafi, ƙoda ko hanta da ta gaza, ciwon sanyin mafitsara ga tsohuwa, duk suna iya fitowa da sambatu kafin su fito da komai. Abin da zai nuna wa iyali cewa matsalar daga jiki take shi ne: mutum bai san inda yake ba, bai san safiya ce ko yamma ba, ba ya iya bin magana zuwa ƙarshenta, abin ya fi tsanani da dare, yana ganin ƙwari ko macizai a bango, ga zafin jiki ko sanƙarewar wuya. Taɓin hankalin da ake kai wa Dawanau, ko Barnawa, ko Ƙware, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri yawanci yana farawa ne tsakanin ƙarshen samartaka da shekaru talatin da 'yan kai, a hankali, kuma mai shi ya san sunan garinsu da ranar da ake ciki ko da yana jin muryoyi. Shi ma ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana da magani. Amma wanda ya fara ruɗewa karon farko bayan ya wuce 40, babban asibiti ya kamata a fara kai shi.

Sauyin da ke ɗaukar watanni kuma, a nan sinadaran homon suke shigowa. Su ma saƙo ne, amma jini ne ke ɗaukarsu, don haka sun fi na jijiya jinkiri, sun kuma fi daɗewa. Uwar ɗakinsu wata 'yar tsoka ce da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, nauyinta kusan rabin giram, tana rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa a bayan idanu. Likitoci suna ce mata fituwitari. Ita ke aika wa sauran umarni.

Wadda muka fi so jama'a su sani ita ce tayirod, tsokar da ke gaban maƙogwaro mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda in ta kumbura ake ce mata maƙoƙo. Ita ke saita saurin da jiki ke aiki. Idan ta yi yawan aiki, sai a ga mace, domin ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, ta zama mai saurin fushi, ba ta iya zama wuri ɗaya, ba ta barci, abu kaɗan ta fashe da kuka, tana cin abinci sosai amma tana ramewa, tana jin zafi ana tsakiyar hunturu, tana yawan zagawa bayan gida, jinin al'adarta ya ragu, wani lokaci idanunta su firfito. Irin wannan mata ana sakinta a kan rashin kunya. Gwajin gida mai sauƙi ne: a ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunta tana zaune a natse, in yana wuce 100 a minti a kai a kai, abin dubawa ne. A sa ta miƙe hannaye a ɗora takarda a bayan tafin, za a ga takardar tana rawa. Idan kuma tayirod ta yi sanyi, komai juyewa yake yi: kasala, yawan barci, mantuwa, jin sanyi a bazara, kumburin fuska, dishewar murya, bushewar fata, zubewar gashi, jinin al'ada mai yawa, ga ƙunci marar dalili. Ita kuma wannan raguwa ake ce mata, ko a ce kishiya ta sa mata hannu.

Awon jini ɗaya mai suna TSH yakan buɗe maganar. A yawancin ɗakunan gwaji lafiyayyen awo yana tsakanin 0.4 da 4.0. Mutane suna ruɗewa wajen karanta shi saboda a juye yake. TSH kiran da uwar ɗakin take yi wa tayirod ne, in ma'aikaciya tana nawa sai a ɗaga mata murya, don haka lamba mai yawa tana nufin tayirod ta yi sanyi, lamba kaɗan tana nufin ta yi zafi. Mai sanyin ana ba ta ƙwayar lebotayiroksin, sau ɗaya da safe kafin a ci komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. A nan ake yawan yin kuskure: a sha ta tare da maganin ƙarin jini ko na ƙashi, su kama ta a hanji ta fita ba ta yi aiki ba. A raba su da awa 4. A sake awo bayan mako 6 zuwa 8, kuma kada a daina don an ji sauƙi, yawanci shan na tsawon rai ne. Mai zafin kuma ana ba ta kabimazol. Duk wadda ke shan wannan ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ta dakatar da shi ta je a auna jininta a ranar, domin a wasu tsiraru yana kashe ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta.

Tayirod ba ta iya aiki sai da sinadarin aidin, maikirogiram 150 a yini ga baligi, 250 ga mai ciki. Shi ya sa tun shekarun 1990 aka wajabta sa shi a gishirin girki a Najeriya. Gishirin da aka bari a buɗe a rana ko a danshi yana rasa shi, na dabbobi kuma ba a ba da tabbacin yana da shi ba. Ɗan da uwarsa ta rasa aidin tana ɗauke da shi yana iya tasowa da ƙarancin fahimta, a yi ta dukansa a makaranta a kan daƙiƙanci.

Sai kotizol, wanda 'yan tsokar kan ƙoda suke yi. Yana hawa da asuba ya tashi mutum, ya sauka da tsakar dare. Muna maganarsa ne saboda abin da ke faruwa a kemis-kemis da wajen masu gyaran amare. Ƙwayoyin dekisametason da faradinisolon kotizol ne na kanti, dekisametason kuwa ya ninka na jiki ƙarfi kusan sau 25. Ana sayar wa 'yan mata su a matsayin maganin ƙiba, ana cusa su a haɗin ciwon gaɓɓai na tsofaffi, ana kuma zuba danginsu a man bilicin. Fuska takan cika ta yi zagaye, a yi murna. Amma a duba da kyau: ciki ya yi tulu, hannaye da ƙafafu sun sirance, nankarwa mai faɗi ta fito, suga da hawan jini sun shigo. Hali ma yana tafiya: rashin barci, surutu, rawar kai, saurin hasala, wasu har su kai ga zargin kowa da ganin abin da babu. Haɗarin na biyu ya fi na farko. Idan aka sha fiye da mako 3, jiki yana ganin kotizol ya wadata sai ya daina yin nasa. Ranar da uwa ta gano ƙwayar ta watsar da ita gaba ɗaya, yarinyar za ta iya faɗuwa da amai, jiri, saukar jini da suma, har ta mutu. Rage shi ake yi sannu a hankali a hannun likita. Duk wanda ya kai irin wannan marar lafiya asibiti ya faɗi gaskiyar abin da take sha da abin da take shafawa.

Babu inda muke ganin an fi zaluntar marasa lafiya kamar ɗakin jego. A lokacin ciki mabiyiya tana yin homon na mata da yawa ƙwarai. Da ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sai su zube ƙasa, ga rashin barci, ga ciwo, ga 'yan barka. Kusan rabin masu jego, ko fiye, suna yin kuka marar dalili tsakanin kwana na 3 da na 5, wannan yana wucewa da kansa kafin mako 2. Wanda ya zarce haka, ta daina jin daɗin komai, tana ganin ba ta iya riƙon jaririn ba, tana fatan mutuwa, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana samun kusan mace ɗaya cikin 7 zuwa 10, kuma akwai magungunansa da ba sa hana shayarwa. Na ukun shi ne mai ban tsoro, yana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci cikin mako 2 na farko, sau da yawa dab da suna ko bayansa kaɗan. Ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, tana magana ba kai ba gindi, ta ce an sauya mata jariri, ko ta ji ana ba ta umarni a kansa. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya, kada a doke ta, a kai ta asibiti a ranar. A can za a fara auna zafin jiki da hawan jini, domin ruɓewar mahaifa da jijjiga, wadda ke iya zuwa ko bayan an haihu, suna kawo irin wannan ruɗewar. Yawancinsu suna warkewa sarai, amma a gaya wa ma'aikatan awo idan ta sake samun ciki, saboda yana iya dawowa.

Akwai kuma wanda ke zuwa a ɓoye, wanda likita Harold Shihan ya bayyana a 1937. Uwar ɗakin nan ta ƙasan ƙwaƙwalwa tana ƙara girma a lokacin ciki. Idan mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har jininta ya faɗi, sai wani ɓangarenta ya mutu. Alamar farko ita ce nono bai zo ba. Daga nan al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata da na mara ya zube, sha'awa ta ɗauke, ta zama mai sanyin jiki da shiru-shiru, shekara da shekaru. A yankin da mata da yawa ke haihuwa a gida, jini ya ɓalle kafin a samu mota, irin waɗannan mata suna nan a cikinmu, an yi musu kishiya an manta da su. Maganin shi ne a mayar wa jiki abin da ya rasa. Ga abokan aikinmu muna tunatarwa: a fara da haidirokotizon, wato maganin da ke maye gurbin kotizol, kafin maganin tayirod, in aka juya tsarin ana iya jefa ta cikin suma.

Farfaɗiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mutum miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Ba kowace ce ke kayar da mutum yana kumfa ba. Wadda ke tasowa daga gefen kai, saitin kunne, takan fara da jin wani wari da ba wanda ke ji, ko wani abu ya taso daga ciki zuwa wuya, ko tsoro ya lulluɓe mutum. Sai ya ƙura ido, yana tanɗe baki, yana tsinkar riga, ba ya amsa kira, minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai san abin da ya faru ba. Wannan ita ake yawan ce wa shafar aljanu. Ba mu zo yin jayayya da malamai ba. Ibnul Ƙayyim da kansa, a cikin Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya kashi biyu, ya ce akwai wadda ke tasowa daga jiki, wadda likitoci ke magana a kan dalilinta da maganinta. A yi addu'a a cikin mota a hanyar asibiti. In tana jijjiga shi, a kawar da wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a gasa masa ƙafa, kada a guje shi don yawunsa, ba a ɗaukarta. In ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ba a jira.

Matashin da ya fara faɗuwa bai taɓa yi ba, a binciki aljihunsa. Iyakar tiramadol a asibiti miligiram 400 ne a yini, amma wadda ake sayarwa a bayan fage mai 225 ce, guda biyu sun wuce iyaka, kuma tana tayar da farfaɗiya. Linzamin bayan goshi ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da ke neman daɗi ya riga shi nuna, shi ya sa ƙwaya ta fi kama masu wannan shekaru. Iyaye su san abu ɗaya game da gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya manta da juriyar da ya saba. Ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa zai iya tsayawa. Mai shan ƙwayoyin barci irin su diyazefam kuma, yanke masa su rana ɗaya yana iya kawo jijjiga mai kisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin waɗannan mutane haƙƙin a kula da su cikin mutunci, kuma ya kamata gwamnatocin jihohi su aiwatar da ita.

Wanda zai raka marar lafiya asibiti ya zama wanda ke kwana gida ɗaya da shi, ba kawun da aka kira daga wani gari don girmansa ba. Ya zo da duk abin da marar lafiyar ke sha ko shafawa a cikin leda, har da na gargajiya da na Islamik kemis. Ya san ranar da abin ya fara, ko an taɓa faɗuwa ko buga kai a watanni 3 da suka wuce, kwana nawa bai yi barci ba, yaushe aka haihu in mace ce, kuma jinin da ta zubar ya kai yaya. In akwai waya, a ɗauki bidiyon abin yana faruwa, domin minti ɗaya na hoto ya fi wa likita amfani a kan dogon bayani.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya matakin farko shi ne kowane ƙaramin asibiti ya kasance da na'urar auna suga tare da tsinkenta da bai lalace ba, da ta hawan jini, da ma'aunin zafi, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma a yi wa duk wanda aka kawo a ruɗe waɗannan huɗun kafin a rubuta masa takardar tura shi gaba ko a yi masa allurar barci. Gare ka kuma, Malam Edita, idan wakilanku za su kawo labarin mai jegon da ta cutar da jaririnta, ko dattijon da aka tsinta yana yawo bai san gidansu ba, su tambayi iyalin ko an kai shi asibiti da abin da aka auna, su sa amsar a cikin labarin.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan jinya,
Zariya.